Idon Sa'adiya da Injin Zayyanu

Likitan ido a Birnin Kebbi bai ɓoye wa Sa'adiya komai ba. Ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, ba abin da zai dawo da shi. Na dama ana iya ceto shi idan aka yi aiki kafin ruwa ya sauka, kuma ta riƙa ɗiga magani safe da yamma ba fashi. Ya ƙara da cewa ta yi nesa da hayaƙi. Ƙanenta Zayyanu, wanda ya kawo ta, yana tsaye yana ta gyaɗa kai, sai ka ce shi za a kwantar.

A mota, kan hanyar komawa Kalgo, ta juyo da lafiyayyen idon wajensa ta ce, "A saida saniyata."

Saniya ɗaya ce. Ita ce tumunin takabar da ta fito da shi daga gidan marigayin mijinta a Gwandu, ta bar ta kiwo a hannun wani dattijo, Sambo, a rugarsa da ke hanyar Dodoru. Ban da ita sai akwatin tufafi da kwanuka. Da su ta dawo gidan ubanta, inda yanzu Zayyanu ne babba, shi da mahaifiyarsu Inna.

To amma mace ba ta shiga kara ta tsaya cikin dillalai tana taya dabba. Dole namiji ya sayar mata, kuma kuɗin a aljihunsa za su fara kwana. Zayyanu ya tafi Gwandu ranar kasuwa. Sa'adiya ta yi ta sauraron sallamarsa. Da ya dawo, bayan a-kori-kura ya hawo, yana riƙe da wani tsohon injin casar shinkafa da aka ɗaure da igiya kada ya faɗi.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, fuska cike da fara'a. "Adda, ki saurare ni da kyau. Aikin ga sai nan da wata biyu anka ce. Kuɗɗin da ag kwance ba su ƙaruwa. In na juya su, kahin lokacin sun dawo da riba. A yi maki aiki, ga inji kuma ya zama namu."

"Kuɗɗin idona na, Zayyanu."

"Na sani mana. Shi ya sa nika lallaɓa su."

Inna tana kaɗi a inuwa, ba ta ko ɗago kai ba. "Ɗan'uwanki na. In yat tashi, ke kit tashi. Kina son a ce ɗiyan mutane dut sun kama sana'a, naki shina zaune bakin titi?"

A gidan nan an daɗe da mayar da shirun Sa'adiya amincewa.

Zayyanu ba mugu ba ne, kuma wannan shi ne abin takaicin. Da mugu ne da an san ta inda za a kama shi. Mutum ne mai zafin nema wanda bai taɓa tambayar abin da ke bayan sayen inji ba. Ya ɗauka da an sauke shi sai casa. Ashe sai an kama shago a bakin hanya, mai shagon kuma ya ce hayar shekara yake so a dunƙule. Sai an zuba kankare an kafe injin. Magini ya ci nasa. Aka ce sai ya yi rajistar suna, wani mai kwamfuta a Birnin Kebbi ya karɓi nasa ya miƙo takarda mai hatimi. Mai fenti ya rubuta ZAYYANU DA 'YAN'UWA da jan launi, ya zana buhu a gefe. Tun fentin bai bushe ba masu karɓar haraji suka iso da rasit. Bayansu duba-gari, bayansu 'yan ƙungiyar masu inji, waɗanda suka yi masa barka da hannu ɗaya suka miƙa ɗayan. Wutar lantarki kuwa a unguwar sai dai labari, don haka gas zai sha, mai gas kuma ba ya san gobe.

Duk wanda ya zo shagon nan da hannu buɗe ya koma da shi a dunƙule. Kafin injin ya yi tarinsa na farko, saniyar Sa'adiya ta ƙare har wutsiya.

Bai jima ba ya gane casa wa mutane ba ta mayar da kuɗin gas. Ribar tana ga wanda ya sayi shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, ya yi gumi, ya casa, ya sayar da tasa. Gumi aikin mata ne. A jiƙa shinkafa ta kwana, a tsame, a zuba a rabin duro da ɗan ruwa a ƙasa, a rufe da buhu, a hura wuta har tururi ya ratsa ta ɓawon ya buɗe baki, sannan a kwashe da zafinta a shanya. Matan da ke yi a gari kowane duro da kuɗinsa. Zayyanu ya ji farashin ya dawo gida yana huci.

"Inna, kin ji abin da sunka ce? Don mi za a ba wata kuɗɗi, ga Adda zaune gida? Wa ya kai ta iya gumi?"

Sa'adiya ta ce, "Likita ya hana ni hayaƙi. Gabanka yac ce."

"Na ɗan lokaci na, Adda. In mun yi sauri, kuɗɗinki su hito da sauri. In na biya wasu, daga ina za su taru?"

Nan ya kama ta, kuma ita ma ta san ya kama ta. Idonta yana cikin injin nan. Idan injin bai kawo ba, ba aiki. Ita da ya kamata a roƙa sai ta wayi gari ita ce mai tsoron kada sana'ar ta faɗi. Washegari aka girke duro biyu a bayan gida, kusa da garu, inda iska ba ta ratsawa.

Itace ya yi tsada, don haka ɓuntu, wato ƙaiƙayin shinkafa, ake kwasowa daga shago a haɗa da ɗanyen kara. Wanda ya san wutar ɓuntu ya san ba ta ci, turnuƙewa take yi. Tun da safe Sa'adiya na durƙushe tana fifita da murfin kwano, hawaye na bin kumatunta. Ta buɗe buhu tururi ya daki fuskarta. Ta kwashe da ƙwarya, ta ɗauka a ka, ta baza a kan tamfol, ta bi da ƙafa tana motsawa. Kafin ta miƙe bayanta, duro na biyu ya nuna. Shinkafarta tana fitowa fes, ba ta karyewa a inji, har 'yan sari daga Jega suka fara tambayar ta Zayyanu. Shi ake yaba wa, ya kuwa karɓi yabon ba kunya.

Ciwon kai ya fara zama mata abokin yini. Idan ta dubi fitila sai ta ga wani zobe mai launi-launi ya kewaye ta. Gefen ganinta ya riƙa tsukewa a hankali, har ta koma kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Abin da ke gabanta tana gani, amma akuya na iya tsayawa a gefenta tana cin shanya ba ta sani ba. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum cin tuwo.

Kwalbar maganin ɗigawa ta ƙare. Ta ɗaga ta a rana ta matsa, ba ko ɗigo. Ta tare Zayyanu zai fita.

"Yau ba dama, Adda. Gas ya sake tashi. Jarka guda yanzu sai ka yi kuka. Ki bari Juma'a."

Juma'a ta zo, sai aka ce maigadin layin shaguna yana bin kuɗin wata. Wata Juma'ar kuma buhuna ne. Inna ta kwance bakin zane ta fito da tandun kwalli. "Sa wanga. Mu da shi munka tsuhwa, ba mu san wani likita ba. Ku dai yaran yanzu komi sai asibiti."

Sa'adiya ta wuce arba'in, amma ta karɓi kwallin ta sa, don kada a ce ta raina uwa.

Ranar da likita ya ba su ta zo. Ta yi wanka tun da wuri, ta ɗaura zanenta na fita, ta zauna a bakin gado da mayafi a cinya. Ba ta hura wuta ba. Hantsi ya yi, sai ga Zayyanu ya faɗo gida hannu duk baƙin mai.

"Inji ya tsaya. Wani ƙarhe ya karye ciki."

Bai ko lura da kwalliyarta ba. Ya shiga ɗaki ya kwashi abin da aka tara, ya hau babur sai Birnin Kebbi. Kafin la'asar ya dawo da sabon ƙarfe da bakanike a bayansa, har da lemun kwalba aka saya wa bakaniken. Kafin magariba ana jin ƙarar injin daga tsakar gida. Ciwon da ya kama shi da safe an warkar da shi tun rana ba ta faɗi ba.

Da ya shigo yana murna, ya same ta zaune inda ya bar ta.

"Yau ta ranar, Zayyanu."

Ya dafe goshi. "Wallahi na sha'afa. Amma Adda, ki duba. Inji in yat tsaya, dut mun tsaya. Haya na tahiya, ko ana aiki ko ba a yi. Ke ko alhamdu lillahi kina gani da ɗaya."

"Don ɗayan nika roƙonka."

"Za a yi. A bari wanga sari shi hita."

Ta ninke mayafin ta mayar akwati. Da safe ta koma bakin duro.

Ana cikin haka wata rana yaro ya leƙo ya ce ana sallama da Sa'adiya a zaure. Ta fito tana bin bango. Akwai mutum a zaune, ta ga farin abu kawai, ba ta san ko wane ne ba sai da ya yi magana. Sambo ne, ya taso tun daga Gwandu da ƙwaryar man shanu, ya zo yi mata sannu da jiki.

"Na ce bari in zo in ga idon da saniyarmu tas saya," in ji shi yana dariya. Sai dariyar ta tsaya. Ya ga tana miƙa hannu ta gaishe da ginshiƙin zaure, shi kuwa yana ɗaya gefen.

"Ba a yi aikin ba?"

"An kusa," ta ce.

"Saniyar ga ciki gare ta, Sa'adiya. Na ce ma yaron a jira ta haihu, yac ce ido ba shi jira. Don haka nis sake mashi igiya. Da na san ba ido za ta ba, da ba ta bar ruga ba."

Ba ta san da cikin ba. Ta zauna a dakalin zaure, ta rufe fuska da gefen zane, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Sambo bai ce ta yi haƙuri ba. Ya ajiye ƙwaryar, ya ɗauki sandarsa, ya tambayi hanyar shago.

Abin da ya faɗa wa Zayyanu a gaban masu jiran casa ba a ji duka ba, amma an ji isasshe. Zayyanu ya dawo gida a fusace.

"Ƙarata kika kai, Adda? Gaban mutane za a ce na ci kuɗɗin makauniya? Sunan sana'a shi na jari. In yal lalace, da mi za a yi maki aikin?"

"Ban ce mashi komi ba. Gani yay yi."

Inna ta shiga tsakani, kuma kowa ya san ɓangaren da take shiga. "Maganar gida ba ta hita zaure. Wa ac ciyar da ke tun da kid dawo? Wa ya taɓa ce maki kawo na cehwane? Yaro shina ta wahala, kullum mai karɓa na bakin ƙohwa, ke ma ki zama ɗaya daga cikinsu?"

Wannan maganar ta fi hayaƙin ɓuntu yi mata ciwo. Ita ce ta kawo jarin, ita ce ke tsaye a kan wuta, amma tuwon da take ci shi ake ƙirga mata. Kuma a bakin Zayyanu ta fara jin an kira ta makauniya, tun da sauran ganinta.

Ruwa ya sauka. Gumi a damina tsere ne da hadari, mai shanya idonta rabi a ƙasa rabi a sama. Sa'adiya kuwa saman ya ɓace mata. Da ƙamshin ƙasa take gane ruwa na tafe, da sanyin iska a wuyanta. Sau da dama ta tsira. Wata azahar hadari ya taso ta gabas ba iska, tana bayan gida tana fifita wuta. Sai da ɗigo ya faɗo a kan buhu ta zabura. Ta ruga wajen shanya, ƙafarta ta harɗe da dutsen murhu, duron ya kife. Tafasasshen ruwa da shinkafa suka kwaranyo mata daga gwiwa zuwa ƙafa. Tana kwance tana ihu, ruwan sama yana tafiya da buhu huɗu na shanya zuwa magudana.

Zayyanu ya iso a guje. Ya ɗaga ta, wannan gaskiya ne, kuma ya yi salati. Amma tana jin sa, tana a hannunsa, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Buhu huɗu. Innalillahi, buhu huɗu."

Ƙunar ta kwantar da ita makonni. Wuta ta mutu a bayan gida, 'yan sarin Jega suna ta kiran waya. Sai a lokacin kuɗin mota da na katin asibiti suka samu. Cikin kwanakin jinyar ne ɗan hasken da ya rage mata ya riƙa dushewa, ba ta faɗa wa kowa ba, don ta gaji da jin a bari Juma'a.

Likitan ya gane ta. Ya haska mata tocila a dama, ya kashe, ya sake haskawa. Ya tambaye ta ko ta ga wani abu. Ta ce tana jin ɗumi dai. Ya ajiye tocilar a hankali.

"Jijiyar ta mutu. Ko yau aka yi aiki ba abin da zai dawo. Me ya hana ku zuwa? Ai na gaya muku."

Zayyanu ya gyara tsayuwa. "Likita, kai ma ka san halin da ƙasa ac ciki. Sana'a yanzu ba ta barin mutum da komi. Ga gas, ga haraji, ga haya."

Likitan ya kama hannun Sa'adiya ya ɗora a kan kafaɗar ƙanenta, ya nuna masa yadda ake jan wanda ba ya gani.

A gida aka yi kuka. Inna ta yi, Zayyanu ma ya yi, makwabta suka shigo suka ce haka Allah ya rubuta. Kalmar ta yi wa mutanen gidan daɗi, suka riƙe ta da hannu biyu. Ba wanda ya ƙara ambaton saniya.

Amma shago ba ya zaman makoki. Cikin satin aka samo wata Jummai daga Wurogauri, mace mai baki, wadda ta zo ta dubi durorin ta ce sai an matsar da su inda iska ke wucewa. Ta ce ita ba ta aiki da ɓuntu, busasshen itace take so. Ta ce kowane duro a ba ta kuɗinsa kafin ta kwance ɗamara, da gwangwanin madara saboda hayaƙi, kuma ranar Juma'a ba ta zuwa. Zayyanu ya ce to ga kowanne. Aka matsar da duro, aka sauke amalanken itace a ƙofar gida. Sa'adiya tana zaune a bakin ɗakinta tana jin ƙarar faskare, tana shaƙar ƙamshin wuta mai ci da kyau, irin wadda ba a taɓa hura mata ba.

Da yamma, bayan Jummai ta ƙulle kuɗinta ta tafi, Zayyanu ya zube a tabarma kusa da Inna yana fifita da hula.

"Inna, sana'a ƙasar ga sai mai taurin rai. Yau 'yan haraji sun dawo, wai na allon suna daban na. Ga icce. Ga madara. Yanzu har mai gumi sai an biya. Abin da da can kyauta muka samu."

Sa'adiya ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Ba ta daidaita sosai ba, ta ɗan karkace wajen randa.

"Ba kyauta ba ta, Zayyanu," ta ce. "An biya. Ni nib biya."

Daga bakin hanya ana jin injin yana ta aikinsa lafiya lau. Mai shago ya samu nasa, mai gas ya samu, bakanike ya samu har da lemu, kowa da rasit ɗinsa ko shaidarsa. Ita kaɗai ce ba ta da takardar da za ta nuna, don ta gida ce. Zayyanu ya tashi ya ce bari ya je ya duba shago.

Inna ta ja tsaki mara ƙarfi. "A bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce."

Ta miƙe da ƙyar, ta shiga madafa, ta fito da faifai cike da casasshiyar shinkafa. Ta ɗora shi a kan cinyar 'yarta, ta kamo hannunta ta nutsa a ciki.

"Masu saye na kukan tsakuwa, kuma masu tsinta kuɗɗi suka so. Wanga ba ya son ido, da yatsa aka ji. Tunda hannuwanki lahiya lau suke, ki rage zaman banza."

Sa'adiya ta daɗe hannunta na cikin shinkafar bai motsa ba. Sannan yatsunta suka fara lalube. Ta ci karo da tsakuwa ta farko, ta ɗauke ta, ta riƙe a tafin hannu, ba ta san ta wane gefe za ta jefar ba.